Ɗan mujiya a hulata

Ina aji uku na tsinci ɗan mujiya a gindin mangwaro a Shango, yana warin mushen ɓera. Na ce maraya ne, na kai shi gida a hula.

Kaka na tankaɗe, amma katanga take kallo.

"Sannu uban marayu! Mayar da shi kafin ta yi mana kukan mutuwa a gidan nan."

Na waiga. Ga uwar a kan katanga, da rana tsaka, shiru.

Gudun da na yi, jirgin ƙasa ma sai ya sara min. Ina isa na tarar ta riga ni, tana kan reshe. Na ajiye mata ɗanta, amma ni take kallo.

Har yau ko kaza ta ƙura min ido sai na gaishe ta.