Gonar Alkama Mai Faɗi da Buhun Taki Biyu

Zauna ka ji, ɗan nan, tun kafin ka sa garma a fadamar ubanka. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na ga daminar da ta fi tamanin.

Akwai wasu manoman rani biyu, gonakinsu kunya ɗaya ta raba. A shekarar da naira ta faɗi, takin da ake kawowa daga waje ya yi tashin gwauron zabo, fetur ɗin injin ban ruwa ya bi shi. Alkama ma ta ƙara kuɗi, amma ita a ƙasa take tafe, taki yana kan mota. Kuɗin da ya saya wa kowannensu buhun taki shida bara, bana biyu ya saya. Na farko ya dubi buhunan nan, ya dubi gonarsa, ya yanki kashi ɗaya cikin uku ya shuka, sauran ya bar wa awaki. Masu wucewa suna cewa, “Malam, hutu aka ba ƙasar?” Ya ce musu, “Hutu ne.” Na biyun kuwa shi aka sani da babbar gona a garin, kuma ba zai yarda a ce ta ragu a hannunsa ba. Ya shuke ta kakaf, ya barbaɗa mata buhu biyun nan kamar mai sa gishiri a miya. Ruwan da ake ba alkama duk mako, shi sai bayan mako biyu, don fetur ya kai.

Daga bakin hanya gonarsa ta fi kyau, kore shar har inda ido ya tsaya. Amma alkama ba ta jin yabo, ci take so da sha. Da zafi ya fara shigowa, tasa ta fid da zangarniya guntu-guntu, ƙwayar a tsamure kamar shinkafar ɓera. Masu girbi kuwa faɗin gona suke yi wa ciniki, ba ruwansu da abin da ke cikinta. Da aka casa, ƙaiƙayi ya fi tsaba, sai da ya sayar da injinsa ya sallame su. Maƙwabcinsa ya cika buhunansa, ya ware iri, matarsa ta yi alkaki ta aika wa gidan na biyun.

To, kai ma taki nawa ne a hannunka? Shi za ka tambaya, ba 'yan majalisar bakin kasuwa ba. Ai Hausawa sun gama magana: girman kai rawanin tsiya.