Rigar Baba Ta Fito

Ina yaro, wani yammaci Baba ya kai ni shagon Malam mai hoto a Gyadi-Gyadi don a zaɓar mini kyamarar koyo, mai fim, baƙi da fari.

Malam ya miƙo wata tsohuwar kyamara, ya ce, "Wannan ba ta haɗa baƙar fuska da farar riga, yaro. Ɗaya za ka zaɓa."

Baba ya gyara babbar rigarsa don mu gwada. "Fito da aikin rigar, kai. Fuska ai kullum kana ganinta."

Da aka wanke hoton, aikin ya fito zare-zare, amma daga wuya zuwa hula duhu ne.

Baba bai sake tsayawa hoto ba, Allah ya jiƙansa. Yanzu in 'ya'yana sun tambayi kamanninsa, sai in yi ta lalube, in ƙare da bayanin ɗinki.