Dodon Cikin Katin Auta

Almakashin ya sake zamewa, ya ci gefen tauraron. Tela ya ja ƙaramin tsaki, ya jawo wata takardar.

"Baba, ka sake ɓata shi," in ji Auta. "Malama ta ce wanda katinsa ya fi kyau shi zai miƙa wa baƙo."

Har yau Tela ake ce masa a layin, duk da keken ɗinkin ya daɗe da zama wurin kife kwanuka. A da yana yanka wuyan riga yana hira, ko kallon yadin ba ya yi. Yanzu tauraron takarda ya gagare shi.

Makarantar su Auta ce ta shirya bikin karrama jaruman ƙasa, aka ce kowane yaro ya haɗo kati da launukan tuta. Babban baƙo kuwa Kwamandan 'yan kwana-kwana ne, wanda hotonsa ke manne a bangon ɗakinsu: ga shi da hular kwano, rungume da wata yarinya cikin bargo, hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Auta ce yarinyar, tun tana 'yar mitsitsiya, ranar da benen da suke haya ya kama da wuta. Hoton ya zaga jaridu, ya jawo wa mutumin lambar yabo da ƙarin girma.

Auta ta zana Kwamanda irin jaruman katun na talabijin masu tashi sama, ƙirji kamar ƙofa, mayafi yana kaɗawa a bayansa. Tela ya buɗe robar gam da haƙori. Ya jera launukan tutar a mayafin, kowanne a mazauninsa, ya danne da gwiwar hannu har suka kama. Gumi ya jiƙa masa riga, amma bai naɗe hannun rigar ba.

"Saura dodon," in ji ta.

"Katin gaisuwa ne, Auta. Me ya kawo dodo?"

"In babu dodo, daga hannun wa ya cece ni?"

Daga daren gobarar abu ɗaya ta riƙe. Wani baƙin abu ya fito daga cikin hayaƙi, kansa yana ci da wuta, yana gurnani, ya sure ta daga kan gado ya matse ta. Ta yi ihu, ta cije shi, ya ƙi saki. Sai Kwamanda ya zo ya ƙwace ta. Ta daɗe tana firgita cikin barci tana kiran dodo zai dawo, ba ta samu lafiya ba sai da aka manna mata hoton nan a saitin filonta.

Ana cikin haka uwarta ta dawo daga wankin asibiti, inda take aiki tun da ɗinki ya tsaya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon baƙar takardar da ke hannun mijinta.

"Har dodon ma kai za ka yanka mata?"

"To wa zai yanka?"

Ta dubi yarinyar, ta wuce ciki.

Abin mamaki, dodon bai ba shi wahala ba. Karkacewar almakashin ma ta yi masa amfani: yatsu suka fito a murɗe, kai a lotse. Auta ta ƙara masa jan harshen wuta da manyan haƙora, ta liƙa shi ƙarƙashin takalmin Kwamanda. Ta ja da baya ta ƙare masa kallo.

"Kai, Baba, kamar ka taɓa ganinsa."

Katinta ne ya zo na ɗaya.

Ranar bikin ta roƙe shi ya zauna a baya, kuma ya bar hannayensa a aljihu, don 'yan ajinsu akwai tsokana. Ya ce to. Aka rera taken ƙasa, aka yi jawabai har rana ta take. Kwamanda ya yi teɓa, lambobin yabo suna ƙyalli a ƙirjinsa. Da aka kira Auta ta hau dandamali tana rawar jiki don murna, shugaban makaranta ya sanar cewa ita ce yarinyar cikin hoton. Wuri ya kaure da tafi.

Kwamanda ya buɗe katin, ya ɗaga wa masu ɗaukar hoto. Sannan ya nuna ƙasan takalmin.

"Wannan kuma wane ne?"

"Dodon da ya kama ni ne, ranka ya daɗe."

Ya kece da dariya, ya karkato wajen lasifika. "Na tuna shi sarai. Da ƙyar na ɓamɓare ki daga hannunsa."

Jama'a suka sake tafi, har da masu fito. Da aka tashi, Kwamanda ya bi ta kusa da kujerun baya, ya yi wa Tela irin murmushin da ake yi wa kowa, ya shiga mota.

Tela bai tafa ba, amma bai ce mutumin ya yi ƙarya ba. Da ƙyar ɗin ne kuwa. Kwamanda yana tsaye a bakin get a daren gobarar, ko ƙafa bai sa cikin benen ba, lokacin da Tela ya sauko da 'yarsa ta cikin wutar, gashin kansa yana ci, fatar tafukansa ta narke ta manne da bargonta.