Ɗalibi Mai Rinannen Gemu

Injin yankan ƙarfen ya yi tari, ya fitar da hayaƙi mai ƙauri, ya mutu a hannun Mai Walda. Ga ƙofar gidan mutane rabi a haɗe, ga mai ita ya rantse in jibi ta yi ba a kafa ba, zai kai aikin wani wuri.

Mai Walda gwani ne, amma hannunsa ba ya shiga aljihu sai da dalili. Ya ji labarin wani sabon shagon kayan aiki da ke yi wa ɗaliban makarantar koyon sana'a ragi mai tsoka, muddin mutum ya nuna katinsa. Shi kuwa yana da ɗaliba har cikin gida: Auta, 'yarsa, mai koyon aikin wayarin wuta.

"Baba, ragin na ɗalibai ne, ba na iyayen ɗalibai ba," in ji Auta. "Ni dai ba ruwana."

"To wa ya haifi ɗalibar?"

Ta yi dariya ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tuna masa da baƙon da zai zo gaishe shi gobe. Ya kaɗa mata hannu, hankalinsa na kan inji.

Bayan fitarta ya ɗaga wani littafinta da ke kan tebur, sai kati ya faɗo daga ciki. Ba nata ba ne, hoton namiji ne. Wani ɗan ajinsu ne ya manta, in ji zuciyarsa. Aro kawai zai yi.

Ya shiga ɗaki ya fito da rinin gashin maiɗakinsa, ya shafe furfurar gemunsa tas. Ya zura rigar ƙwallo, ya kifa hular hana-sallah. Tabarau ne kaɗai ke tona shekarunsa, don haka ya cire ya ajiye, duniya ta koma masa dishi-dishi.

"Malam, ina kuma za ka a haka?" in ji maiɗakinsa, ta saki muciya.

"Makaranta," ya ce, yana laluben ƙofa.

Shagon fes yake, guduma da zarto da filaya kowanne a ƙusarsa. Mai shagon, wani dogon matashi, yana ganinsa ya zabura ya fito daga bayan kanta, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Wane Baba? Ai kusan sa'anka ne ni. Rana ce ta dafa ni."

Ya nuna injin da yake so, ya ajiye katin a kan kanta kamar mai ajiye kati na ƙarshe a wasan karta.

Mai shago ya ɗauka. Ya dubi katin, ya dubi Mai Walda, ya sake duban katin.

"Ku ne wannan?"

"Ni ne. Zazzaɓi na yi bayan an ɗauki hoton."

"Allah ya ƙara sauƙi. Sai dai katin na sashen wayarin ne, injin kuwa na masu walda."

"To da me injin yake aiki? Ba da wuta ba?"

Mai shago ya kawar da kai, kafaɗunsa na rawa, wai tari ne ya sarƙe shi.

Fankar shagon ba ta komai. Zufa ta karyo wa Mai Walda, ya ji wani abu na gangarowa ta wuyansa. Ya shafa, yatsunsa suka fito baƙi ƙirin. Mai shago ya miƙo masa hankici da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Masu sayayya biyu sun riga sun tsaya a baya suna leƙe, kuma ɗayansu muryarsa ta yi kama da ta wani makanike da ya san Mai Walda tun suna samari. In wannan ya gane shi, kafin yamma duk layin masu gyara ya ji.

"Wane suna zan sa a rasit?"

Mai Walda ya ƙura wa katin ido. Bai karanta sunan ba, kuma yanzu ko da haruffan sun kai girman bulo ba zai gani ba.

"A'a, ku bar shi," in ji mai shago da sauri. "Na san sunan."

Ya yi ragin cif. Ya ƙara da fayafayan yanka a kyauta. Shi da kansa ya ɗauki kwalin har bakin titi, ya tsayar da abin hawa, ya sake rusunawa.

Mai Walda ya iso gida yana fito. Ya tarar da Auta ta zazzage littattafanta a tsakar ɗaki, tana neman wani abu. Ya jefa mata katin, ya baje a kujera, ya kwashe labarin kaf, har da kwaikwayon muryar mai shago.

"Wallahi ban taɓa ganin sakarai irinsa ba! Yana riƙe da hoto, yana kallon gemuna na zuba, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ko shekara ba zai yi ba zai karye. Ke dai Allah ya raba ki da miji irin wannan."

Auta ta dubi katin. Ta dubi mahaifiyarta, wadda ta toshe baki da gefen mayafi.

"Baba," ta ce a hankali, "katinsa ne fa kuka kai masa. Kuma shi ne baƙon da zai zo gobe neman izininku."