Amsar Tsakiya a Layi na Shida

Za ka yarda da jarrabawar da aka ce babu amsar kuskure a cikinta? Qiu Meifeng dai ba ta yarda ba. Shekararta goma sha ɗaya tana ɗinkin takalma a wata masana'anta a birnin Dongguan, ta san ba a raba takarda don Allah.

Sanarwa ta ce gwajin halayya ne, don a gano wanda ya dace da shugabancin sashe. Amma tun bayan hutun sabuwar shekara aiki ya ja baya. Qiu ta haɗa wannan da wancan, ta ce kora ake shiryawa.

A ɗakin cin abinci ta bi mutanen layin ɗinkinta, layi na shida, tebur-tebur. "Kowace tambaya, ku zaɓi amsar tsakiya. In duk muka zama ɗaya, wa za su tsinta?"

"Yaya Qiu, ni fa ina son kujerar nan," in ji Tsoho Pang, bakinsa cike da taliya.

"Kai da ko almakashinka ba ka iya tsarewa? Tsakiya!"

Ranar gwaji, Geng Zhiyuan, saurayin masanin halayyar da aka ɗauko daga Guangzhou, ya raba takardu ya koma ya jingina da bango, yana ta kallon ɗakin. Su arba'in suka cike, aka tattara, aka ɗaure da zare.

Washegari aka kira Qiu ofis. Ga ƙullin takardun a kan tebur, ɗaurinsa daram. Geng ya zuba mata shayi da hannu biyu. Ta ce a ranta: wani ya kai tsegumi, kuma ita za a fara sallama.

"Ni na sa su," ta ce. "Kada ka taɓa kowa."

"Na sani, Yaya. Ban ma kwance zaren ba. Da na ce a fara, mutum talatin da tara sai da suka ɗago suka dube ki kafin su ɗauki biro. Gwajin ke nan. Daga Litinin ke ce shugabar sashe."

Bakinta bai gama rufuwa ba ya turo mata farar takarda.

"Rubuto mana sunayen mutum sha biyu da za a sallama. Daga bakinki ne kaɗai za su tafi ba hayaniya."