Addu'ar Da Ta Rufe Bakin Rahamatu

Ranar Talata, sha biyu ga Agusta, aka fara zaluntar Rahamatu Sama'ila, a ɗakin taron wata jami'ar gwamnati.

Jami'ar tana da kwamitin haɗin gwiwa mai kula da ɗakunan kwana. Malamai da ɗalibai ke zama a cikinsa, kuma dokarsa ta ce ƙuri'ar ɗalibi daidai take da ta farfesa. Ɗalibai mata suka zaɓi Rahamatu, 'yar ajin ƙarshe, ɗiyar wani manomin albasa daga Mandera. Maza suka zaɓi Naziru. Malam Tasi'u ne sakatare. Shugaban kuwa farfesa ne, mutumin Bodinga, mai taushin murya, wanda ba a taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba.

A zaman ranar, malamai suka kawo shawarar a ɗage gyaran tsohon ginin mata sai bayan damina. Suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Naziru ya sunkuyar da kai, domin uku daga cikinsu za su duba jarrabawarsa. Rahamatu ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, bangon gabas ya tsage. Hannuna yana shiga. A kwashe mu kafin ya..."

Shugaban ya yi murmushi, ya dubi agogo, ya ce, "Azahar ta kusa. Malam Tasi'u, yi muna addu'a."

Wa zai yi magana ana addu'a? Kowa ya ɗaga tafukansa. Rahamatu ma ta ɗaga, tana tsaye. Aka shafa, aka watse. Sakatare ya rubuta cewa kwamiti ya amince baki ɗaya.

Ba a yi sati biyu ba aka yi ruwa mai ƙarfi bayan la'asar. Bangon gabas ya faɗo. Firdausi Ahmad, 'yar aji ɗaya, tana kwance da zazzaɓi a gefensa. Da yamma aka kai gawarta garinsu, Danchadi.

Washegari jami'a ta fitar da sanarwa. Ta ce ba malamai kaɗai suka ɗage gyara ba, har da wakilan ɗalibai, kuma babu wanda ya ja. Ɗalibai suka juya kan Rahamatu. Aka watsa mata kaya a tsakar gida, aka ce an saye ta. Ta tsaya a gaban jama'a ta faɗi abin da ya faru a taron. Sai kwamitin ya sake zama, ƙarƙashin wannan shugaban dai, ya same ta da laifin ɓata sunan jami'a. Naziru ya sake sunkuyar da kai. Aka kore ta, saura wata uku ta gama.

Shugaban yana da al'ada. Duk Juma'a yakan je Bodinga ya gaida wani tsohon malamin firamare, wanda ya fara koya masa riƙe alli. Yakan tuɓe takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa. Tsohon ba mai yawan magana da shi ba ne, ko kallonsa bai cika yi ba. A wannan Juma'ar, mutanen zaure suka tambayi farfesa yadda ya yi da fitinar jami'a. Ya yi dariya.

"Yaran zamani ai sai dabara. Da fatiha na zaunar da ita."

Wasu suka yi dariya. Tsohon ya tashi ya shige gida. Buhun shinkafar da farfesa ya kawo, yana nan a zaure har yau, ba a kwance bakinsa ba.

Ranar Asabar tsohon ya shiga motar Shagari, daga can ya hau babur zuwa Mandera. Ya tarar da Rahamatu a fadama tana gyaran irin albasa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta san ko waye ba. Mahaifinta, Sama'ila, ya shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro.

"Malam, karatun ma na haƙura," in ji Sama'ila. "Amma a kasuwa ana nuna ni, ana cewa ga uban wadda ta sayar da ran ɗiyar mutane. Ko gaisuwar mutuwa mun kasa zuwa Danchadi. Da wace fuska?"

Tsohon bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Ya ce bai cancanta ba.

Ni ne tsohon nan. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kuma ban taɓa barin yaro ya kwana da bulalar da ba tasa ba. Saboda haka ga abin da nake nema, ba roƙo nake yi ba. A mayar da Rahamatu ajinta. Malam Tasi'u ya goge ƙaryar da ya rubuta. Shugaban kwamiti kuma ya tara malamai da ɗalibai a filin jami'a, da Sama'ila da iyayen Firdausi a sahun gaba, ya faɗi da bakinsa abin da ya faɗa a zaurena, ya nemi gafararsu. Kuma kada a rufe taron da addu'a sai yarinyar ta ƙarasa maganarta.

Na ambaci sunan kowa ban da nasa, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba. Idan Juma'a ta zagayo bai nemi gafarar nan ba, zan tsaya a ƙofar masallacin Bodinga in yi abin da kunya ta hana ni shekara hamsin: zan kama sunan ɗana na fari.