Zinaren da Ya Zo a Kan Babur

Sai da mai kawo saƙo ya danna hon sau uku sannan ta iso ƙofa, hannunta duk kumfar wanki, tana jan ƙafar hagu.

"Haba Mama! Tun ɗazu fa nake tsaye. Sa hannu a nan."

Ta goge hannu a zani, ta karɓi bironsa ta sa hannu, ya miƙa mata wani kwali. A jikinsa ga tambarin hukumar wasanni. Rabon da su neme ta shekara goma sha huɗu ke nan, tun ranar da ta zo ta biyu a tseren mita ɗari na gasar nahiya. Wadda ta zo ta ɗaya aka ba gida da mota. Ita kuwa tafi aka yi mata. Da shekara ta zagayo gwiwarta ta lalace, ko leƙe ba wanda ya yi.

A nan tsaye ta buɗe kwalin, ta zaro wasiƙar da ke ciki. Wai an sake gwada jinin da aka adana tun lokacin gasar, an gano waccan ta sha ƙwayar ƙara kuzari, don haka hukuma tana taya ta murna. A ƙasan kwalin, cikin leda, ga lambar zinare.

Babu tuta, babu taken ƙasa, sai ƙarar janaretan maƙwabta.

"Mama, birona!"

Ya fizge abinsa, ya tayar da babur yana ƙunƙuni: "Wasu mutane dai, tun da aka haife su ba su san sauri ba."